Damtsen Gusau a Kan Katakon Tsafe

Yanzu a Gusau har ɗaki ake ginawa, a sa masa fanka da madubi bango guda, don kawai mutum ya shiga ya ɗauki kaya ya mayar da shi inda ya ɗauke shi. Rannan na bi ta Tudun Wada zan je ta'aziyya, sai na tarar inda garejin kawuna yake a da ya zama irin wannan ɗakin. An sare dalbejiyar da muke zama a gindinta, an kankare baƙin man da ƙasar wurin ta sha shekara da shekaru, an shimfiɗa tayil. Na tsaya bakin gilashi ina leƙe kamar wanda ya shigo birni yau. Samari ne a ciki, kowa da waya a kunne, kowa yana gaisawa da kansa a madubi. Ƙarafan nasu duk an lulluɓe su da roba, in an ajiye ba ka jin komai sai wani ɗan sauti mai ladabi, kamar baƙo ya ajiye buta. Shirun nan shi ya fi tsaya mini. Namu ƙarfen in ya faɗi ƙasa, kajin unguwa uku sai sun yi kwana biyu ba su yi ƙwai ba.

Ni ɗan Tsafe ne. An turo ni Gusau wurin kawuna in koyi kanikanci, na koyi komai ban da kanikanci. A bayan garejin, in an yi la'asar aka rufe bakin motoci, samarin wurin suke ɗaga ƙarfe, kuma ƙarfen namu ba daga kanti ya zo ba. Bokitin fenti biyu muke samu, mu kwaɓa siminti da tsakuwa mu cika, mu soka tsohon bututun ruwa a tsakani, mu bar shi ya sha rana kwana uku. In ya bushe, gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, to wannan tsakaninka ne da ƙaddara. Akwai wanda ya shekara yana ɗaga irin wannan, har kafaɗarsa ta dama ta riga ta hagu shiga ɗaki. Bencinmu katako ne a kan gawar inji biyu. Kiɗanmu kuwa ƙarar bututu a cikin siminti, da nishi, da muryar wanda yake ƙirga maka yana cewa saura ɗaya, alhali saura ɗayan nan ba ta ƙarewa sai ka ga taurari da rana tsaka. Madubi ɗaya muke da shi, na gefen wata gingimari da ta mutu a garejin, an ɗaure shi da waya a jikin dalbejiya. Tsawonsa daga wuya zuwa cibiya yake nunawa. Ku riƙe wannan, don duk abin da ya same ni daga baya laifin gajartar madubin nan ne. Abin da madubi bai nuna ba, ba mu san da zamansa ba. Ƙirji da damtse muke yi, safe da yamma in da hali. Daga ƙugu zuwa sama ka ce bijimi ne, daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa zalɓe.

Ba na manta tsamin jikin makon farko. Ranar da ka fara ɗagawa ba ka jin komai sai daɗi, ka kwana kana ganin kanka zaki. Washegari hannu ya fara gardama. Jibi kuwa shi ne ranar hisabi: na zauna gaban tuwo, hannuna ya ƙi kawo loma baki, sai bakin ne ya sauka ya same ta a hanya. Matar kawuna ta ɗauka shanyewar jiki ce, har ta fara neman mai magani. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wata guda na farko. Simintin da nake ɗagawa sau biyar na koma ina ɗaga shi sau goma sha biyar, amma zaren da nake auna damtsena da shi kullum bai ƙara ko faɗin farce ba. Na yi zaton zaren ne yake miƙewa don hassada. Sai da na tsufa, ɗana da ya yi karatun kiwon lafiya ya warware mini. Ya ce da farko ba nama ne yake ƙaruwa ba, jijiya ce take koyon kiran naman da yake nan tun da. Na ce masa ashe gayya ce: mutanen suna cikin gidajensu tun fil azal, mai kira ne bai iya kira ba. Sai an yi ta kiran gayya har kowa ya saba fitowa, aikin kuma ya fi ƙarfin waɗanda suka fito, sannan gari yake fara haifar sababbin majiya ƙarfi. Ya ce ba haka aka rubuta a littafi ba, amma ya yarda.

Mahaifina ɗan dako ne a kasuwar hatsi ta Tsafe, kamar yadda mahaifinsa ya kasance. Yaran yanzu in sun ji dako, baro suke tunawa, ko Keke mai buɗaɗɗen baya. A lokacin, lodin gingimari a rumfunan hatsi aikin mutum goma sha biyu ne, ba sha uku ba, kuma kowane da gurbinsa. Gurbi kuwa gado ne. In uba ya gaza, ɗansa ne yake da haƙƙin shiga, da sharaɗi guda: a ɗora masa buhun dawa mai tiya arba'in a ka, ya hau katakon da ake jinginawa a bayan mota, ya kai shi ciki ya sauke, ba wanda ya taɓa shi ko ya taɓa buhun. In ya kasa, Sarkin Dako, wato dattijon da yake shugabantarsu, ya ba wanda ya daɗe yana jira. Gonarmu tafin hannu ce, abin da take bayarwa ba ya kai mu tsakiyar rani. Gurbin nan shi ne rumbunmu na gaskiya, daga shi tuwon gidanmu yake fitowa, da sharar hatsin rumfa da ake raba wa 'yan dako duk yammacin kasuwa. Buhunan lokacin na algarara ne, masu kaushi kamar harshen saniya, an ɗinke bakinsu da basilla an bar musu kunnuwa biyu. Har yau in na rufe ido ina jin ƙaurin algarara da ta sha rana, da ƙarar tiya tana shiga hatsi, da kukan katako in mutum ya kai tsakiyarsa.

Da ruwan farko na wata damina, Baba ya zame a kan jiƙaƙƙen katako, gwiwarsa ta juya inda ba a yi ta don ta juya ba. Mai ɗori ya yi iyakar yinsa, ya ce tafiya za a yi, amma dako ya ƙare. Aka aiko mini. Na shiga motar Tsafe da riga mai yankakken hannu, ina jin tausayin buhun da zai gamu da ni.

Ranar kasuwa aka kai Baba a kan mashin, aka ajiye masa kujera 'yar tsugunne a inuwar rumfa. 'Yan dako suka kewaye ni suna kallo. Sarkin Dako ya fito, wani tsoho siriri kamar karan dawa, in ka gan shi daga nesa ka ce iska za ta kai shi Funtuwa kyauta. Amma wuyansa da kansa kaurinsu ɗaya, sha-raɓarsa kuwa kamar an cusa goruba a ƙarƙashin fata. Ya zagaya ni sau biyu. Ya latsa damtsena, ya gyaɗa kai. Ya sunkuya ya kama cinyata da yatsu biyu, ya ɗago.

"Ɗan Gusau, ina sauran?"

"Sauran me, Baba Sarki?"

"Ƙahwahu. Ko can kab bar su wurin kawunka, a gyara?"

Aka fashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Sarki, a bar shi ya hau da hannu mana, ai su ad da ƙarhi."

Na ce, "Baba Sarki, simintin da nake ɗagawa a Gusau, mutum biyu ke kawo mini shi."

Ya ce, "Madalla. Ina kaka kai shi in ka ɗaga?"

"Ina mayar da shi ƙasa."

"To mu nan sama muka kai shi. Ku aza mai."

Na naɗa gammo na ɗora a ka, mutum biyu suka kama kunnuwan buhu suka aza mini. Abu na farko da na gane shi ne buhu ba ya tsayawa wuri ɗaya kamar siminti. Hatsi rai gare shi, yana malala gaba, yana malala baya, yana neman inda ka fi rauni ya zauna a nan. Wuyana ya shige cikin ƙirjina har na ji ina kallon duniya ta maɓallin riga. Na taka ƙasa lafiya, taki huɗu. Na hau katako. Taki na ɗaya, lafiya. Na biyu, katakon ya lotsa ya dawo, ya gaishe ni. A na uku gwiwoyina suka fara wata rawa da ko makaɗa ba su san kiɗanta ba. Damtsen nan da na yi shekara biyu ina kiwo yana nan a sama, ya riƙe kunnuwan buhu gam, ba abin da ya iya yi mini, kamar attajirin dangi a ranar da ake neman mai haƙa kabari. Na zauna daɓas a kan katakon. Buhun ya wuce ta bayana ya daki ƙasa, ɗinkin ya ɓalle. An ce kajin Tsafe har yau suna ba jikokinsu labarin wannan walimar.

Dariyar ba ta daɗe ba, don kowa ya tuna Baba yana zaune. Na dube shi, shi kuma yana duban sandarsa.

A bisa al'ada, a ranar gurbin ya bar gidanmu. Wanda yake jira kuwa yana tsaye a wurin, wani mutum mai shiru da ake kira Na-Bungudu, don daga can ya zo. Haƙar rijiya ce sana'arsa ta asali, ya bar iyalinsa a can, ya yi kaka biyu a Tsafe yana cike gurbin duk wanda zazzaɓi ya kayar, yana kwana a rumfa. Ba shi da wani jikin a zo a gani. In ya ɗauki buhu dai, sai ka ga kamar buhun ne ya ga dama ya bi shi. Sarkin Dako ya daɗe yana tauna goro, sannan ya ce saboda shekarun da Baba ya yi, da na kakana, zai ɗaga mini ƙafa zuwa motar farko ta sabuwar dawa. Kafin nan Na-Bungudu ya riƙe gurbin amana, yana ba gidanmu rabin sharar hatsi. In na hau a ranar, gurbi nawa. In na sake zama, ya zama na Na-Bungudu har 'ya'yansa. Ya juya ya ce, "Malam, ka ji?" Na-Bungudu ya ce, "Na jiya, Sarki." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Washegari Sarki ya kai ni bayan rumfuna, inda wani tsohon katako yake jingine da rusasshiyar katanga. Ya ba ni buhun shara, ƙura da ɓawo da tsakuwa da ɗan hatsi, ya auna tiya ashirin cif. Ya ce in hau in sauko da shi har sai na ji saura hawa biyu a jikina, sai in tsaya, kada in cinye biyun nan. Yau in yi, gobe in huta. Duk ranar kasuwa zai ƙara tiya ɗaya da hannunsa. Na ji kamar ya zage ni. Tiya ashirin, ni da nake ɗaga abin da mutum biyu ke kawowa? Hutu kuma, ni da aka ba wa'adi? Na ce masa a Gusau kullum muke yi. Ya ce, "Shi ya sa kuka da hannun ɗaukar madubi." Sannan ya faɗi maganar da na ji ta a bakinsa ya fi sau ɗari: "Nama ba ƙarƙashin buhu shika girma ba, bisa tabarma shika girma. Buhu roƙo ne kawai. Tabarma da akushi su ka badawa."

Akushin kuwa Inna ce ta ji a jikinta. Wake safe, wake rana, har na fara jin ina tsiro. Ƙuli-ƙuli a aljihu kamar carbi. Hoce da miyar kuka in an samu. Akwai wata Bafulatana da take kawo nono daga rugar bayan dutse, Inna tana ba ta dusa tana zuba mini ƙwarya guda duk ranar da na hau katako. Inna takan tsaya a kaina ina ci, ta riƙe haɓa, ta ce, "Wanga yaro, kahin ka ceci gidan ga ka cinye shi." Baba daga kan tabarmarsa ya ce, "Ƙyale shi, gini shikai." Daminar nan duk haka na yi ta. Ina tuna ƙamshin ƙasa bayan ruwa, da santsin katako, da kwaɗi suna yi mini ƙirga daga kududdufi, da matan da suke wucewa da itace suna cewa ga ɗan Gusau can yana kai shara sama yana dawo da ita.

Wajen tsakiyar damina na yi wautar da ta kusa kashe maganar. Buhu ya kai tiya ashirin da takwas, ina hawa da shi ina waƙa. Na ce tsohon nan tsoro ne ya yi masa yawa. Na faki ido na ƙara tiya biyar da kaina, na kuma kwaɓa siminti a bayan gida irin na Gusau, ina ɗagawa a ranakun hutu don kada damtsena ya yi fushi. Kwana tara na yi ina cin wannan haramun. Barci ya fara ƙaura, abinci ya daina daɗi, buhun da nake wa waƙa ya koma yana yi mini. Ban ji gargaɗin ba. Rana ta goma na sunkuya zan ɗauki buta, butar alwala fa, ba buhu ba, sai wani abu ya ce tsit a gadon bayana. A nan na tsaya a ruku'u, sai da aka kwashe ni a haka aka kai ɗaki kamar kujera.

Sarki ya zo dubiya da buhun a kafaɗarsa. Bai yi faɗa ba. Ya kwance bakinsa a tsakar gida, ya sa tiya yana kwasowa yana zubarwa, ina kwance ina ƙirgawa ta ƙofa, har biyar ɗin da na ƙara. Sannan ya ciro wata tsohuwar igiyar guga ya nuna mini. Ya ce nama kamar igiya ne, silili-silili. Duk ɗaukar kaya mai nauyi tana ɗan tsinka wasu silin, ƙanana, ba a gani. In ka ba shi kwana da abinci, jiki ya zo ya ƙulla, kuma ba ya ƙullawa yadda ya tarar, sai ya ƙara kauri don kada gobe a sake ba shi kunya. In kuwa ka dawo da kaya kafin ya gama ƙulli, to tsinka kake yi a kan tsinka. "Kai kana gaggawa, shi ba ya yi. Bai san wa'adinka ba." Ya sa ƙafa ya ture simintina ya ce wa Inna ta samu abin danne murfin rumbu. Kasuwa biyu na yi a kwance. Baba bai ce mini komai ba a duk kwanakin nan, muna ɗaki ɗaya, shi da gwiwa ni da baya, Inna tana cewa ta buɗe asibiti. Shirun nasa ya fi mini dukan tsiya zafi.

Da na tashi na bi doka kamar sabon tuba. Abin mamaki, abin da na rasa a kwance bai daɗe ba ya dawo, kamar jikin ya ajiye shi ne a wani lungu. Sai kuma kaya suka fara sauya wuri. Damtsen Gusau ya fara zubewa, tunda ba a kiransa aiki, rigar nan mai yankakken hannu ta koma tana yi mini fifita. Wandona kuwa ya fashe a cinya sau biyu, tela ya ce in daina kawo masa, ya gaji da sulhu. Wuyana ya cika har hula ta fara zama daidai da kafaɗa. A nan na fahimci jiki maigida ne mai tsumulmula: ba ya ciyar da ma'aikacin da ba ya aiki, kuma abin da ka roƙe shi kawai yake ba ka, ba ya ƙara ko ƙwaya. Ka roƙe shi hannu, ya ba ka hannu. Ka roƙe shi hawa katako, ya ba ka hawa katako. Ka roƙe shi zama, kamar yadda na yi shekarun nan tun da na koma awo a rumfa, sai ya ba ka abin zama mai faɗi, ya ƙara maka da tumbi don kada iska ta ɗauke ka. Bara likita ya ce mini naman mutum yana guduwa da shekaru in ba a tsare shi ba, in nemi abin ɗagawa ko sau biyu a mako. Yanzu jarka biyu nake cikawa da ruwa ina tsugunnawa ina tashi a bayan ɗaki, jikokina suna leƙe suna dariya. Kofi ɗaya nake ƙarawa duk Juma'a. Kasuwar ma ta sauya. Buhu ya koma na leda, ya ƙanƙance, baro ya yi yawa, motoci suna sauri su bar hanya tun rana tana sama, gurbi kuwa ba wanda yake gadonsa, duk wanda ya zo da wuya sai a aza masa. Ban ce da ta fi yanzu ba. Gwiwoyin mutanen da, da za su yi magana, ba za su ce haka ba.

Sabuwar dawa ba ta jira ni ba. Ranar da motar farko ta juya baya ta tsaya a bakin rumfuna, buhun sharata yana tiya talatin da bakwai. Uku suka rage, kasuwa ukun da wautata ta ci. Da safen Baba ya yi mini magana a kan aikin, karo na farko tun faɗuwata. Ya ce kada in kalli katako, in kalli inda za ni. Ya ce katako yana da numfashi, in ya lotsa in jira shi ya dawo sannan in taka, kada in yi faɗa da shi. Aka sake kai shi a mashin, aka sake ajiye masa kujerar.

Mutane sun fi na farko yawa, don labarin walimar kaji ya zaga. Har masu kajin sun zo da fata. Na-Bungudu yana can saman mota, shi yake jera buhuna a ranar, tunda gurbin yana hannunsa. Sarki ya duba cinyata, bai taɓa ba, ya ce, "To, an kawo sauran. Ku aza mai."

Tiya ukun nan na ji su tun a ƙasa, kowace da sunanta. Na hau. Katakon ya lotsa, na jira shi, ya dawo, na taka. Na wuce taki na uku inda kabarina na farko yake. Na huɗu, na biyar, tsakiya inda ya fi lilo, cinyoyina suna wuta amma suna amsawa. Kasuwa ta yi tsit, ban da wani mai rake da bai san abin da ake ciki ba. Na bakwai. Na takwas. Saura taki ɗaya in sa ƙafa a kan ƙarfen mota, sai hatsin ya malala hagu gaba ɗaya, kamar an kira shi. Na ji wuyana ya bi shi. Na ji ƙafar dama ta fara sakin katako. Na san wannan jin, na taɓa jin sa, na san abin da yake biye da shi.

Sai nauyin ya tsaya. Bai ragu ba, tsayawa kawai ya yi, kamar ƙiftawar ido. Ta ƙarƙashin buhun na ga hannun Na-Bungudu, yatsu biyu a kan kunnen hagu na algarara, ya ɗan tura, ya janye, ya ci gaba da gyara buhun da yake gabansa kamar ba shi ba. Ƙafata ta samu ƙarfe. Na shiga, na juya, na sauke.

Kasuwa ta ɗauki ihu. Buhun ya tare wa na ƙasa gani, ba wanda ya lura. Sarki kuwa, da na leƙo, kansa yana sunkuye yana ɓare goro, kuma har ya bar duniya ban san ko tun yaushe ya sunkuya ba. Ya ɗago ya ce, "Gurbi ya koma gida." Baba ya share fuska da hannun riga, ya ce ƙura ce.

Bayan azahar na samu Na-Bungudu a bakin titi. Ya naɗe tabarmarsa da gammonsa da 'yar digar haƙar rijiya a cikin buhu ɗaya, yana jiran motar Gusau, daga can ya nemi ta gida. Na tsuguna na gaishe shi. 

Na ce, "Malam, na gani fa."

Ya ce, "Mi kag gani?"

"Hannunka. Da ka bar ni, da yanzu gurbin naka ne, kai da yaranka."

Ya dubi hanya, ya ga motar tana tahowa, ya miƙe ya saɓa buhunsa.

"Ba kai nir riƙe ba," ya ce. "Buhu nir riƙe. Dawar mutane ta."

Ya shiga, yaron mota ya buga ƙofa, suka yi yamma. Ina tsaye ina kallon bayan motar sai na ji muryar Sarki daga rumfa, ta ratsa kasuwa duka.

"Ɗan Gusau! Gingimari ba ta cika da kallo. Saura buhu tamanin!"